Shekarar Da Yelwa Ta Daina Tono

Har yanzu akwai masu kiran Yelwa da Mai Tono a ƙauyenmu, kuma duk wanda ya kuskura ya faɗa a gabana sai mun kwashi 'yan kallo. Sunana Tayyiba. Gonata da tata layin gamba ne kawai ya raba su, gidajenmu kuma danga ɗaya muke sha, don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Masu yi mata dariya shekara ɗaya suka gani daga rayuwarta, ita suka riƙe. Ni na ga wadda ta biyo baya, ita kuma nake so a sani.

Ƙauyen namu yana tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, sai ka sauka daga kwalta ka sha rairayi kafin ka iso. Gidajen Kirista a cikinmu ba su da yawa, suna gefen gabas da 'yar majami'arsu ta ƙasa mai rufin kwano. In na faɗi haka a Gumel sai a tambaye ni ko baƙi ne daga Kudu. Wane irin baƙi? Kakan Yelwa da kakana tare suka sare sabarar da ta zama gonakinmu. Ni Musulma ce, ita Kirista. Da Sallah in miƙa mata nama ta kan danga, da Kirsimeti ta kawo zabinta mijina ya yanka don mu ma mu ci. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana.

Mijinta Manu shi ne ya fi kowa yarda da binne a yankin nan. Mu a nan ruwa ba ya zuwa da wuri, in ya zo kuma ba ya daɗewa. Shi ya sa wasu ke shuka gero a busasshen rairayi tun sama ba ta ce komai ba, iri ya kwanta a ƙasa ya jira. Ranar da ruwan kirki ya sauka, kai kana neman inda ka jefar da sungumi, mai binne geronsa ya riga ya kama hanya. Amma abin yana da haɗari. Tururuwa na iya kwashewa, zabi na iya tonewa, ko ɗan ruwa marar ƙarfi ya zo ya tashi irin daga barci sannan rana ta soya shi. Manu bai taɓa damuwa da wannan ba. Yana gaba da sungumi yana sara, Yelwa tana baya da ƙwarya tana zuba iri tana rufewa da diddige. In sun gama sai ya rataye sungumi ya koma gindin darbejiyar tsakar gidansa yana tufka igiya, ba ya sake taka gonar sai ruwa ya sauka.

Yelwa dama tun tana budurwa mai yawan lissafin abin da zai iya faruwa ce. In akuya ta yi tari, a ranta ta riga ta mutu. Amma Manu yana nan, ya yi dariya ya ce, "Uwar Zinariya, zauna ki sha fura," sai ta zauna. 'Ya'yansu biyu mata suka yi aure, Zinariya a Kano, ƙanwarta a Gagarawa. Gidan ya koma su biyu, kuma ni ban taɓa jin tashin muryarsu ba sai in dariya ce.

Wata Alhamis ya ja ragonsa zuwa kasuwar Maigatari. Ya sha koko, ya tsokane ni ta kan danga cewa hayaƙin murhuna ya fi tuwona yawa, ya tafi. Da la'asar mota ta kawo gawarsa. A cikin kara, wajen sayar da dabbobi, ya yanke jiki ya faɗi, ba ciwo, ba kwanciya, igiyar ragon tana hannunsa.

Abin da ya kama Yelwa bayan makoki ba kuka ba ne. Da kuka ne da mun san yadda za mu yi da shi. Dubawa ce ta kama ta. Ta rufe ƙofa ta dawo ta taɓa ta ji ko ta rufu. Ta ɗora tukunya ta yi ta buɗe murfi har wake ya ƙi nuna. Ta kira Zinariya a waya ta ji muryarta, ta ajiye, ta sake kira ta ji ko har yanzu lafiya. Barci ya ƙaurace mata, idonta ya faɗa, gabanta yana dukan uku-uku ko da kaza ce ta yi fiffike. Na raka ta asibiti a Gumel, aka ce jininta ya hau, aka ba ta ƙwayoyi. Ta sha, jinin ya sauka, dubawar tana nan.

Wata rana ina tsince mata wake ta ce, "Tayyiba, da safiyar da Manu ya tafi kasuwa na kalle shi. Na kalli fuskarsa sosai, ban ga komai ba. To yanzu me nake kallo da ban gani ba?"

Na ce ta yi addu'a, abin da kowa ke faɗa in ya rasa ta cewa.

Ta ce, "Na yi. Da safen ma na durƙusa na roƙa ya je lafiya ya dawo lafiya. Yanzu in na buɗe baki ji nake kamar ina magana a cikin tulu, muryata ce kawai ke dawo mini. Ko akwai mai ji ma, ban sani ba."

Daga nan ta daina zuwa majami'a. Ranar Lahadi gangarsu tana tashi, ita tana zaune a bakin rumbu tana kallon ƙasa.

Da bazara ta zo ta ce sai ta yi binne yadda Manu ke yi. Ta yi kuwa, ita kaɗai, ta sara ta dawo ta zuba. Washegari na hango ta a durƙushe a tsakiyar gona. Na ɗauka addu'ar ce ta dawo. Ashe tono take. Ta sa yatsa ta buɗe rami ta ga ko irin yana nan, ta rufe, ta matsa na gaba. Kullum haka, tun sassafe har rana ta yi zafi. Ramin da aka buɗe aka sake rufewa ba ya komawa yadda yake, kuma zabi ba wawaye ba ne. Suka gane, suka riƙa bin ta a baya a jere, tana gaba tana nuna musu inda abincin yake. In ta ga rami babu komai sai hankalinta ya tashi ta koma rumbu ta ɗebo wani irin ta sake zubawa. Da ruwa ya sauka ma ba ta bari ba, ta riƙa tono ta ga ko saiwa ta fito, ta karya abin da ya fara rayuwa. A shekarar da kowa ya cika rumbu, abin da Yelwa ta girba jaki ɗaya ya kwashe shi bai yi nishi ba. A nan sunan ya samo asali. Matan da suka ci tuwonta shekara da shekaru su ne suka fara raɗa mata shi, kuma ban yafe musu ba.

Sai Ya'u ya shigo maganar. Ya'u wan Manu ne, shi ne babba a gidansu, kuma dattijo ne a majami'arsu, shi ke karanta musu littafi in fasto bai samu zuwa ba. Ba mugu ba ne, kar a ce na ce. Mutum ne dai da in ya yanke magana yake jin kamar an rubuta ta a dutse. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa daga Maigatari da ke neman filaye ya zuba riɗi. Ya'u ya ce a ba shi gonar na wasu shekaru, Yelwa kuma ta koma Kano wajen Zinariya ta huta. Mu kuwa mun san yadda gona ke dawowa in ta shiga irin wannan hannu, kuma mun san yadda tsohuwar ƙauye ke ƙarewa a ɗaki ɗaya a birni tana leƙen titi ta taga. Da ƙyar aka roƙe shi ya ce to, damina ɗaya. In gero ya tsaya bana gona tata ce, in ta sake lalatawa ba sauran magana.

Irin da ya rage mata kuwa ɗan dami ɗaya ne, zangarniyoyin da Manu ya zaɓa da hannunsa a girbinsa na ƙarshe ya rataye a saman rumbu. In an sussuke shi zai shuka gonar sau ɗaya, ba ƙari.

A cikin wannan hali Lauratu ta zo. Ita ce shugabar zumuntar mata a majami'ar, mace mai kirki mai muryar lallashi, irin wadda in ta gaishe ka sai ka ji kamar ba ka da lafiya. Ta zauna a tabarma ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta karanta wa Yelwa wurin da aka ce kada mutum ya damu da abin da zai ci, ya dubi tsuntsaye, ba sa shuka ba sa girbi amma Allah yana ciyar da su. Ina bayan danga ina wanke-wanke, ina ji.

Yelwa ta ɗago kai ta ce, "Mama Lauratu, na san yana ciyar da su. Da gerona ya ciyar da su bara."

Tukunya ta kusa suɓuce mini. Lauratu ta rufe littafi ta yi addu'a gajeruwa ta tafi, ranta a ɓace. Amma ni na ji daɗi, don rabon da in ji Yelwa ta mayar wa wani magana tun Manu yana raye.

Da yammacin ranar ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na Manu daga cikin kwalla. A ajin zumuntar mata ta koyi karatu tana babba, saboda haka a hankali take yi, yatsa a kan layi, leɓe yana motsi. Ba sanyin zuciya ta je nema ba, ita da kanta ta faɗa mini, rigima ta je nema. Ta ce tunda an ce maganar Allah ce, bari ta ji me zai ce wa mace irinta. Kullum in zafin rana ya hana kowa motsi sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta yi ta bi, fuska a murtuke, wani lokaci har tsaki nake ji.

Ni ba zan ce na san littafinsu ba, abin da ta gaya mini shi nake maimaitawa. Ta ce ta tarar da mutane a ciki da suka tsaya suka tambayi Allah ina ya shiga, har yaushe zai yi shiru, kuma ba a goge maganarsu ba, an bar ta a rubuce. Ta ce akwai wani uba da ya kawo ɗansa marar lafiya wajen Yesu, ya ce ya gaskata amma a taimake shi don rabin zuciyarsa ba ta gaskata ba, kuma ba a kore shi ba. "Ashe ba ni na fara ba," in ji ta. Tsakin ya ragu, amma hannunta bai daina komawa kan murfin tukunya ba.

Sai wata rana na ji ta ƙwala mini kira. "Tayyiba! Zagayo ki ji, ashe akwai mai binne a littafin nan!"

Na zagaya da ludayi a hannu. Ta ce Yesu ne ya ba da misalin wani mutum da ya zuba iri a ƙasa, ya tafi abinsa, ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya tashi, irin ya tsiro ya girma, shi kansa bai san ta yaya ba. Ƙasa ce ta yi aikinta, shi sai da girbi ya zo ya ɗauko lauje.

Na ce, "An rubuta binne ya yi?"

Ta ce, "Ba a rubuta ba. Amma ke ma manomiya ce. Wane ne zai shuka da danshi a ƙasa ya tafi ya yi ta barci? Ciyawa za ta bar shi? Mai binne ne kaɗai ke zubawa ya juya baya. Manu ne wannan sak." Ta buga yatsa a kan shafin. "Kuma ji nan. Bai san yadda aka yi ba. Bai sani ba, Tayyiba, kuma ba a zage shi ba! Ba a ce sakarai ne don bai je ya duba ba."

Sai hawaye. Ta ce, "Ko sau dubu na kalli fuskar Manu da safiyar ranar ba zan ga komai ba. Ba a ba ni ganin ba. Ni na ɗora wa kaina." Na zauna kusa da ita muka yi kukan tare, miyata ta ƙone a gida, ban damu ba.

A makon ta sauke damin Manu ta sussuke. Na ɗauki sungumi na shiga gaba, ko da yake sarana ba ya miƙewa, ta biyo ni da ƙwarya tana zubawa tana takewa, har ta karkaɗe ƙwaryar a ramin ƙarshe. Ta ce, "Nawa ya ƙare. Na ƙarƙashin ƙasa ba nawa ba ne."

Faɗa da baki ba wuya. Washegari ƙafafunta suka kawo ta gonar ba da izininta ba. Na gan ta ta tsaya a bakin gamba tana kallon rairayi kamar mai azumi a gaban randa. Ta koma gindin gawo ta zauna a kan hannayenta, a kansu fa, ta danne su da cinya, tana maimaita labarin mutumin da ya kwanta ya tashi. Gumi yana zubo mata. Haka ta yi ta yi kullum. Ran Lahadi ta ɗaura ɗankwali ta tafi majami'a ta zauna a benci na ƙarshe. Na tambaye ta ko sun shirya da Allah ke nan. Ta ce ba su gama ba tukuna, amma ta ga gara ta je su yi maganar fuska da fuska.

Ruwa kuwa ya ƙi. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi ya tafi ya sauka a Nijar. Sai wata yamma aka yi ɗan yayyafi wanda ko ƙura bai kwantar ba, ya tsaya. Washegari a bakin rijiya an riga an yi wa gonar Yelwa ta'aziyya. Wai irin ya sha ruwa ya kumbura, rana za ta gama da shi. Masu faɗa ko ɗaya ba ta taɓa yin binne ba.

Da hantsi ina kakkaɓe karan bara a gonata sai ga Ya'u tafe da Alhajin riɗi, babur ɗinsu a jingine a bakin hanya. Ya'u yana nuna masa iyaka da sanda, daga gawo zuwa gamba. Yelwa tana zaune a wurinta. Ta tashi ta rusuna ta gaishe su yadda ya kamata, sannan ta ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Yelwa, ba mugunta nake miki ba. Yayyafin jiya ya kashe irin nan, wanda bai kashe ba tururuwa ta kwashe. Gara Alhaji ya san wurin tun yanzu, ruwa na sauka ya sa shanu."

Ta ce, "Damina ɗaya ka ce, Yaya. Daminar ba ta zo ba."

Ya tattara rigarsa ya tsuguna a bakin gona ya sa hannu ya tona. Ya rairaye ƙasar a tafinsa ya nuna mata, babu ko ƙwaya. Ya matsa ya tona wani, shi ma wayam. Ni ma na gani da idona.

Ya miƙe yana karkaɗe hannu ya ce, "Kin gani? In ba ki yarda ba zo ki tona da kanki. Ai kin iya."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce har yau in na tuna nake jin ɗaci. Alhajin ma sai da ya kau da kai. Na dubi Yelwa, hannayenta suna rawa har zaninta yana motsi. Ta taka a hankali zuwa ramin farko ta tsaya a kansa. Gwiwarta ta ɗan lanƙwasa. Na ce a raina shi ke nan, ta tafi, yau za ta tone gonar nan kaf a gabansu.

Sai ta sa diddige ta ja ƙasa ta rufe ramin, ta danne. Ta je na biyun ta rufe shi.

Ta ce, "Yaya, rami biyu ka gani. Sauran ba ka gani ba, ni ma ban gani ba, kuma ba zan gani ba sai ya fito da kansa."

"In bai fito ba fa?"

"In bai fito ba, bai fito ba. Sai in ɗaure kayana in hau motar Kano da ƙafata, ba sai an ja ni ba. Amma ba zan kashe shi da hannuna don in huta da jira ba. Na yi bara, ya ishe ni."

Ya ce, "Dubi yadda kike karkarwa. Wa kike ruɗa?"

Ta miƙa masa hannayen ya gani da kyau. "Ba wanda nake ruɗa. Tsoro nake ji, Yaya, kamar in mutu. Amma bana ba shi zai yi mini noma ba. Kai kake karanta mana labarin wanda ya zuba iri ya tafi ya kwanta. To ni ma na karanta, kuma ban ga inda wansa ya zo ya tone masa gona ba."

Sannan ta juya ga baƙon ta ce, "Alhaji, yi haƙuri, a kan shukata kake tsaye."

Mutumin ya dubi takalminsa, ya ja da baya har sai da gamba ta taɓa rigarsa. Ya ce, "Baba, ki gafarce ni, ban san da magana a ƙasa ba." Ya nufi babur ɗinsa. Ya'u ya bi shi yana cewa za a gani ai, za a gani.

Da suka ɓace na jefar da karan hannuna na ruga. Na ce, "Ƙawata, yau kin wanke mini zuciya!" Ta ce, "Rufa mini baki ki riƙe ni." Na riƙe ta har gida. A hanya ta ce wataƙila gaskiyarsa ne, wataƙila duk gonar haka take. Na ce wataƙila. Ta ce to, ko ma haka ne. Tun daga ranar ta daina zuwa gindin gawon ma.

Ba a daɗe sosai ba ruwan ya zo, da rana tsaka, irin wanda ke cika kwari ya rusa tsohuwar katanga. Washegari duk ƙauyen ya fita da sunguma, ni ma ina ciki, muna shukar da ya kamata a ce mun daɗe da yi.

Sauran labarin kowa ya san shi, har masu dariyar. Ba duk gonar ce ta fito ba. Gefen hanya, inda Ya'u ya tona, akwai gidan tururuwa a kusa, wurin ya tashi fili fetal. Daga baya da geron ya yi ƙwari aka cire inda ya yi yawa aka dasa a gurbin, kuma Ya'u da kansa ya zo dashen. Rumbunta bai cika ya tumbatsa ba, amma ta ci har wata kaka, ta kuma zaɓi zangarniyoyin iri ta rataye a inda Manu ke ratayewa. Gonar tana hannunta har yau, duk bazara kuma ita ce ta farko a binne. Faɗuwar gaban ba ta rabu da ita gaba ɗaya ba, tana shan ƙwayoyinta, wani lokaci har yanzu takan koma ta taɓa ƙofa. Ta ce in abin ya zo takan ce masa ya samu wuri ya zauna, tana da aiki.

Amma ni abin da na riƙe shi ne ranar da na fara ganin tsiron. Na fito ƙarasa shukata, na ɗaga ido ta kan gamba, sai ga shi layi-layi, sirara kore shar, yana bin karkataccen saran da na yi har gindin gawo. Nawa ko alama bai yi ba. Na yar da ƙwarya na kwasa da gudu, ni da gwiwar da ba ta son gudu, ɗankwali a hannu, ina ta shirya yadda zan rangaɗa guɗa a ƙofar gidanta duk gefen gabas su ji, matan bakin rijiya su ji.

Na yi sallama ba a amsa ba. Na shiga. Tana kwance a tabarma a gindin darbejiya, ta yi matashi da hannu, littafin Manu a rufe a gefenta. Tukunya tana kan murhu da murfinta, wake yana tafasa shi kaɗai. Barci take, na gaske, baki a ɗan buɗe, har da ɗan minshari, matar da ta fi shekara ba ta runtsa da rana ba, da dare ma sai gyangyaɗi. Kuma ba ta san ya fito ba. Ba wanda ya gaya mata tukuna.

Na tsaya a kanta da albishir cike da bakina, ina haki. Sai na haɗiye guɗar. Na rage wutar murhun, na kori kazar da ke nufar tabarmar, na samu turmi na zauna ina jiran ta tashi.